Na'urorin ɗakunan bincikenmu na mutuwa tun ba su tsufa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana kan wani aiki da ba a cika jin labarinsa ba, wato aikin injiniya a ɗakin binciken kimiyya. Mu masu wannan sana'a ne a nan Yamai. Abin da ke damunmu shi ne yadda na'urori masu tsadar gaske ke tsayawa cak tun ba su ci rabin shekarunsu ba. Galibi ba laifin na'urar ba ne. Wuta ce ke kashe ta, da zafi, da ƙura, da ruwa, sai kuma rashin mutumin da aka ɗora wa alhakin waɗannan tun kafin a buɗe kwali.

Yamai ba ta rasa cibiyoyin bincike ba. Ga CERMES mai binciken cututtuka, ga INRAN da aka kafa a 1975 don binciken noma, ga AGRHYMET mai nazarin yanayi da ruwa don noma tun 1974, ga LABOCEL mai yin allurar rigakafin dabbobi, ga LANSPEX mai gwajin ingancin magunguna da abinci da ruwa, ga Jami'ar Abdou Moumouni, sannan ICRISAT mai binciken amfanin gona a Sadore. Tawa ma tana da Jami'ar Djibo Hamani. Ba mu nuna yatsa ga ko ɗaya daga cikinsu. Matsalar ta fi ƙasarmu faɗi: wani bincike da masana na Jami'ar Duke ta Amurka suka wallafa a 2011, bayan duba kayan asibitoci sama da 100,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, ya samu wajen kashi 38 cikin 100 ba sa aiki. Na asibiti ne aka ƙidaya, amma cutar iri ɗaya ce da ta ɗakin bincike.

Mutane da yawa sun ɗauka injiniyan ɗakin bincike mai gyara ne da ake kira ranar da abu ya lalace. Mai bincike shi ke da tambaya, ma'aikacin gwaji shi ke zuba jini ko ƙasa ko ruwa a na'ura, injiniya kuwa shi ke da alhakin cewa lambar da na'ura ta fitar gaskiya ce. Na'urar da ta mutu kowa ya san ta mutu. Wadda ke ba mu tsoro ita ce mai kunnawa lafiya, tana haske, tana fitar da sakamako, alhali ta kauce wa daidai tun watanni.

Bari mu fara da wuta, don nan ne mafi yawan ɓarna take. Wutar ƙasar nan volt 220 zuwa 230 ce, a kan hertz 50, wato yawan juyawar wutar a kowace daƙiƙa. Kayan kyauta da ke zuwa daga Amurka sau da yawa na volt 120 ne a kan hertz 60. Sai a sayo taransifoma a ce an warware. Taransifoma na rage volt, amma ba ta taɓa hertz. Duk motar lantarki ta cikin na'ura da aka ƙera don hertz 60 za ta juya da kashi biyar cikin shida na gudunta, fankar da ke sanyaya ta ma haka, sai ta riƙa ɗaukar zafi a hankali har ta ƙone. Karanta ƙaramin allon da ke bayan na'ura ba ya cin minti ɗaya, amma sai an samu wanda ya san abin da yake karantawa, kuma an tambaye shi kafin a ce an karɓi kyautar.

Ɗaukewar wuta ba ta kai dawowarta haɗari ba. Lokacin da wuta ta dawo, ko gurup, wato janareta, ya karɓa, volt kan yi tsalle, kuma kwamfiresan firiji da ya tsaya yanzu-yanzu yana da matsi a cikinsa. In aka tilasta masa tashi nan take, zai ja wuta ninki da yawa na abin da ya saba ja. Maganin ƙarami ne: a sa na'urar jinkiri da za ta riƙe shi minti uku zuwa biyar, kuma a bambanta lokacin tashin firizoji don kada su faɗa wa gurup gaba ɗaya. Akwai kuma tsinkewar wayar nitiral, wadda ke daidaita volt tsakanin layuka, a ginin da ke da layi uku. In haka ta faru, soket ɗin da ya kamata ya ba da 230 yana iya ba da abin da ya kusa 400, kuma cikin ƙiftawar ido allunan lantarki na ɗaki guda sun tafi. Na'urar da ke lura da layuka ta yanke wuta kafin ɓarna ba ta kai kuɗin allo ɗaya ba.

Ondiler, wato akwatin batir da ke riƙe wuta kafin gurup ya tashi, shi ma akwai wurin da ake kuskure. Ƙananan nan na kwamfutar ofis sai sun ji wuta ta ɗauke suke juyawa, kuma ba sa gyara wutar da ke wucewa. Na'urar PCR, mai gano ƙwayar cuta ta ƙwayoyin halittarta, ko ta auna sinadarai tana buƙatar irin wanda ke mayar da wuta ta batir ya sake fitar da ita tsaf a kowane lokaci. Lissafin girmansa haka yake: in na'urorin da za a ɗora sun haɗa kilowat 2.4, a raba da 0.8, ya ba da kVA 3 (kVA shi ne awon girman ondiler), a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na rara, ya kusa 4, sai a sayi mai 5. Kada a ɗora masa otokilab (tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi) ko kilim (na'urar sanyaya ɗaki) ko firiza, waɗannan na gurup ne kai tsaye. Batir ɗinsa kuma an yi lissafin shekarunsa ne a ɗaki mai digiri 20 zuwa 25, kuma duk ƙarin digiri goma na raba rayuwarsa biyu. Batirin da aka rubuta wa shekara biyar, in aka jefa shi a sito mai digiri 35 zai yi biyu da rabi, a digiri 45 na watan Afrilu kuwa da kyar ya wuce shekara. Wannan ne ya sa za a ga ondiler yana nuna koren haske, amma ranar da wuta ta ɗauke ya mutu tare da ita. Sai an riƙa gwada shi da kaya a kai, a cire wuta da gangan kowane wata uku a ga minti nawa zai riƙe, a rubuta.

Gurup shi ma babba ba shi ne nagari ba. Injin gazuwal da ke aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa ba ya ƙona mai sosai, sai baƙin maiƙo ya taru a bututun hayaƙi. Ana juye baƙin mai wajen kowace sa'a 250 ta aiki, ba a kan kalanda ba. A watan Agustan 2023, da aka katse wutar da ke zuwa daga Najeriya ta layin Birnin Kebbi, injinan da aka saya don su yi sa'a ɗaya ko biyu a rana suka koma aikin yini. Sa'a 250 a irin wannan hali sati uku ce ko ƙasa da haka, kuma kasafin da aka yi na juye biyu a shekara ba zai kai ko'ina ba.

Wayar ƙasa kuwa, wato wadda ke zubar da wutar da ta kauce cikin ƙasa ta sandar ƙarfe, a nan ne ƙasarmu ke ba da wahala. Yashi busasshe ba ya ɗaukar wuta. Ana son juriyar sandar ƙasa ta sauka ƙasa da ohm 5 inda akwai na'urori masu laushi, kuma a auna ta a ƙarshen rani, ba a watan Agusta da ƙasa ta jiƙe ta ba da lamba mai daɗin gani ba. Dabarar gishiri da gawayi da masu haɗa wutar gida ke yi tana saukar da lambar da farko, amma gishiri na cin sandar, ruwan damina kuma ya wanke shi. Sanduna da yawa da aka haɗe, da nisa tsakaninsu aƙalla tsawon sanda ɗaya, a cika ramin da yumɓun bentonit, sun fi daɗewa.

Yanzu mu tsaya gaban firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, don ita ce taskar ɗakin bincike. A cikinta ake ajiye jinin da aka tattaro lokacin sanƙarau, da ƙwayoyin cutar da aka ware, aikin shekaru da ba za a iya komawa ƙauye a sake ɗebo shi ba. Irin da aka fi sani tana da kwamfiresa biyu, na farko na sanyaya na biyu. An ƙera ta ta yi aiki a ɗakin da bai wuce digiri 32 ba. Tsofaffin samfura na shan wajen kilowat-awa 20 a rana, kuma duk wannan wutar zafi take komawa a cikin ɗakin. Firiza huɗu a ɗaki ɗaya na fitar da zafi sama da kilowat 3 dare da rana, wanda ya kusa cinye ƙarfin kilim mai doki ɗaya da rabi gaba ɗaya, tun ba a lissafa zafin da ke ratso bango da rufi ba. Don haka ɗakin firiza na son kilim biyu aƙalla, suna karɓa-karɓa, kuma dukansu a kan gurup. Mun sha ganin tsarin da aka ɗora firiza a kan gurup aka bar kilim a kan wutar gari. Wuta na ɗaukewa, firizojin na ci gaba da hura zafi a rufaffen ɗaki har su kashe kansu.

A ƙasan gabanta akwai ragar da ke tare ƙura. Littafin masana'anta zai ce a share ta bayan ƴan watanni. Wanda ya rubuta littafin bai san hunturun Yamai ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, kowane sati biyu ake ciro ta a kakkaɓe a wanke, a bar ta ta bushe kafin a mayar. In aka bari, ƙura ta yi mata kauri kamar bargo, iska ta daina ratsawa, kwamfiresa na farko ya kasa fitar da zafi, sai a ga lambar allo ta tsaya a 70 ƙasa da sifiri maimakon 80, gobe 65, kwamfiresan kuma ba ya hutawa. A bar mata tazarar santimita 15 zuwa 20 daga bango. A kankare ƙanƙarar da ke kan robar ƙofa da abin roba, ba da wuƙa ba, don ƙaramar huda a robar nan na shigo da iska mai ɗumi ba tsayawa. In wuta ta ɗauke aka bar ƙofa a rufe, takardun masana'antu kan nuna sa'a huɗu zuwa biyar kafin ta hau daga 80 zuwa 50 ƙasa da sifiri, shi ma a ɗaki mai sanyi. Ƙararrawar da ke kuka a ginin da babu kowa daren Asabar ba ta da amfani. Dole a haɗa ta da na'urar da ke tura saƙo a wayar mai gadi da ta injiniya, kuma a bar firiza ɗaya babu kaya, a kunne, don kwashe samfura cikinta. Shugabanni kan ga wannan kamar asarar wuta. A ganinmu ita ce firizar da ta fi kowace amfani a ginin. Af, ga kayan ajiya da yawa, saita firiza a 70 maimakon 80 na rage shan wuta sosai kuma yana sauƙaƙa wa kwamfiresa, amma mai binciken ne zai yanke wannan, ba mu ba.

Ƙurar nan ba ta tsaya kan firiza ba. Akwatin kariya da ake aiki da ƙwayoyin cuta masu haɗari a cikinsa yana da matata da ke tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙurar da girmanta ya kai maikuron 0.3, kuma iska na shiga ta gabansa da gudun mita 0.4 zuwa 0.5 a daƙiƙa. Wannan iskar ce ke tsakanin ma'aikaci da tarin fuka. In matatar ta toshe, gudun ya ragu, fanka na ci gaba da ƙara kamar kullum, ma'aikaci bai san kariyarsa ta tafi ba. Ana auna gudun iskar aƙalla sau ɗaya a shekara, da duk lokacin da aka matsar da akwatin, kuma ba a ajiye shi a bakin ƙofa ko inda kilim ke hura masa. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita an yi ta don digiri 15 zuwa 30 ne, kuma zafi da ƙura na cikin abubuwan da aka sani suna kashe sassanta.

Ruwa ba za mu tsawaita a kansa ba. Gwaji mai laushi na son ruwa mai matuƙar tsafta, wanda juriyarsa ga wutar lantarki ta kai megaohm 18.2. Kafin ruwan famfo ya kai nan sai ya bi matatar maikuron 5, sannan gawayin da ke cire kulorin, don kulorin na cinye siririyar fatar tacewa da ruwan ke ratsawa bayan nan. Lokacin jan ruwa na damina, da kogin Kwara ke ɗauko laka daga Sirba da Dargol da Goruwal, matatar farko na cika da wuri, sai a tanadi ninki. Inda ake amfani da rijiyar burtsatse, a auna taurin ruwan kafin a zuba shi a otokilab, in ba haka ba farar ƙasa ta lulluɓe ƙarfen dumama ya ƙone. Otokilab ɗin kansa digiri 121 yake so na minti 15 zuwa 20, kuma sai an fitar da iskar ciki tururi ya maye gurbinta. Tef ɗin da ke canza launi yana nuna kaya sun ji zafi ne kawai. Tabbacin kisa sai da kwalbar ƙwayoyin gwaji da ake sawa a tsakiyar kaya, a reno ta daga baya a ga ba ta tsiro ba.

Ga kuma pipet, ɗan bututun da ake ɗebo ruwa da shi, wanda hannu ke riƙewa sau ɗaruruwa a yini ba a tuna yana iya ƙarya. Gwajinsa da sikeli ake yi. A saita shi a maikurolita 1000, a ɗebi tataccen ruwa a zuba a ƙaramin kofi a kan sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na miligiram, sau goma, ana rubutawa. A digiri 25 ya kamata a ga wajen miligiram 996, kuma ƙa'idar ISO 8655 ta yarda da kaucewar maikurolita 8 sama ko ƙasa. In ya wuce haka, galibi ƴar robar da ke ciki ce ta bushe ko ƙura ta shiga, a canza ta, a shafa mai, a sake aunawa. Sai dai a hunturu danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ruwan na ƙafewa yana kan sikeli, lambar na sauka a gaban idonka, musamman a ƙananan awo irin maikurolita 10. Wanda bai san wannan ba zai kama pipet mai lafiya ya murɗa shi ya lalata. Ana sa ƙoƙon ruwa a cikin akwatin sikeli ya jiƙa iskar, a rufe, a jira. Bushewar nan kuma na tara lantarki a jikin roba, har sikeli ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, don haka kofin gilashi ko na ƙarfe ya fi.

Duk wannan da muka zayyana, Malam Edita, yana komawa ga ranar saye. Injiniya ya kamata ya zauna a teburin da ake rubuta sharuɗɗan kwangila. Shi zai tambayi volt da hertz, da zafin ɗakin da na'urar ke jurewa, da ko za ta shiga ta ƙofa, da ko daɓe zai ɗauki nauyinta, da inda wakilin kamfani mafi kusa yake, Dakar ne ko Abijan ko Turai. Shi zai dage a haɗo littafin gyara ba na amfani kaɗai ba, da lambar sirrin shiga sashen gyara, da kayan canji na shekara biyu: robobi, matatai, fis, fitilu. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ke shigowa ta Kwatano suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo. Robar da ba ta kai jaka ashirin ba tana iya zaunar da na'urar miliyoyi watanni. Abin da masu sana'ar nan suka saba lissafawa shi ne a ware kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kuɗin na'ura kowace shekara don kula da ita. Cibiyar da ba za ta iya wannan ba, gara ta sayi ƙaramar na'ura da za ta iya riƙewa, kuma babu kunya a ce wa mai kyauta an gode, wannan ba ta dace da mu ba.

Sai maganar mutanen kansu. Yawancin injiniyoyin ɗakunan bincike a kan kwantiragin wani shiri ake ɗaukarsu. Shirin na ƙarewa, sai su wuce kamfanonin waya ko na ma'adinai ko na man fetur, su tafi da sanin kowace na'ura a kansu. Muna kira ga ma'aikatun da abin ya shafa su ba wannan aiki gurbi na dindindin da matakan ƙarin girma, kamar yadda mai bincike ke da su. In za a tura mutum horo wurin masana'anta, a tura wanda zai buɗe na'urar da hannunsa. Marigayi Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa tun 1992, bai raba bincike da ƙira ba: a ONERSOL, hukumar makamashin rana da ya shugabanta, a nan Yamai aka riƙa ƙera na'urorin dumama ruwa da hasken rana. Wannan gadon ya kamata EMIG, makarantar horar da injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, da jami'o'inmu su raya, su buɗe darasin kula da kayan awo na musamman.

Ga ƙannenmu masu sha'awar shiga: ku ƙware a lantarki da sanyi, ku iya karanta zanen waya, ku koyi Ingilishi kan Faransancinku don yawancin littattafan gyara da shi suke zuwa. Ku saba da rubutu, kowace na'ura da littafinta, ranar da aka taɓa ta, abin da aka gani, abin da aka canza. Ɗakin da ke neman shaidar ingancin aiki ta ƙasa da ƙasa, ISO 15189 ko 17025, wannan littafin na cikin abin da masu duba za su fara tambaya. Kuma ku kiyaye ranku. Ba a buɗe na'urar juya jini sai an tsabtace ta an sa hannu a takarda. Ondiler na riƙe wutar da ke kisa ko an zare shi daga bango. Ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, lita ɗaya na zama iska wajen lita 700, ba ta da wari, kuma tana korar iskar numfashi, don haka ba a ajiye tulunsa a rufaffen ɗaki ko a ɗauke shi cikin mota tare da mutane.

Akwai abu ɗaya da za a iya farawa bana ba tare da jiran kowa daga waje ba. Kayan da injiniya ke gwada sauran na'urori da su ba kullum ake amfani da su ba: duwatsun awo masu takardar shaida, ma'aunin gudun iska, ma'aunin juriyar ƙasa, na'urar nazarin wuta, ma'aunin zafi na asali. Babu dalilin da kowace cibiya za ta sayi nata, ko ta jira baƙo daga waje sau ɗaya a shekara. Cibiyoyin Yamai su haɗa kuɗi su sayi saiti ɗaya, a ajiye a wuri guda, a riƙa aika shi sabunta shaida a kan lokaci, a tsara kalandar zagaye. A sa Tawa da Maraɗi da Damagaram cikin zagayen, don ɗakin da ke nisan kilomita 550 ko fiye daga babban birni shi ya fi daɗewa yana jiran mai aunawa. Zagaye biyu a shekara sun isa: ɗaya a Nuwamba kafin ƙura ta sauka, ɗaya a Maris kafin zafi ya kankama.

Mun gode da filin da ka ba mu.

Wasu injiniyoyin ɗakunan bincike,
Yamai.